A Ba Mai Rauni Rata: Tseren da Ya Dace da Dioundiou

Duk wanda ya yi makaranta a Dioundiou, ko Karakara, ko Zabori, ya san inda gudu ke ƙarewa a rayuwar mutumin garinmu. Yaro yana tashi da gudu a ƙafarsa. Da gudu yake zuwa aike, da gudu yake koro awaki, da gudu yake langa a dandali. Idan ya shiga kwaleji, malamin wasanni ya jera su a layi ɗaya, ya busa usur, ya rubuta sunan ukun farko, sauran a ba su maki a sallame su. Ranar da ya ajiye biro, ranar gudunsa ya ƙare, sai fa in soja ya shiga ko wani abu ya biyo shi. Magidanci ɗan shekara 40 da ya fito bayan sallar asuba yana sassarfa a bakin hanya, kafin ya yi nisa mutum biyu ko uku sun tare shi: "Malam, lafiya? Me ya faru a gida?"

Mutane suna ɗora laifin a kan kasala, wasu a kan talauci, wasu a kan rana. Ni a ganina laifin yana ga yadda muke shirya gasa. Mun saba da tsere iri ɗaya tak: kowa ya tashi daga layi ɗaya, lokaci ɗaya, wanda Allah Ya ba ƙafa ya wuce. Irin wannan tsere yana fitar da zakara, amma yana korar kowa da kowa ban da shi. Wanda ya zo na goma sha biyar yau, ya sake zuwa na goma sha biyar gobe, ba sai an ce masa ya daina ba. Da kansa zai koma gefe ya zama ɗan kallo, kuma ba zai sake dawowa ba.

Mu mutanen jihar Dosso ba a koya mana son zakara. Filin kokowar Dosso sunan Salma Ɗan Rani yake ɗauke da shi, kuma Kadri Abdou, wanda duniya ta sani da Issaka Issaka, ya kawo mana takobi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, babu wasan da ya kama zuciyar ɗan Nijar kamar kokowa. Amma a duba lissafin: jihohi takwas, kowace da 'yan kokowa goma, mutum 80 ke nan a fage, takobi guda. Sauranmu duka muna zaune, kunne a rediyo ko ido a talabijin. Wannan ba aibin kokowa ba ne, haka aka gina ta, kuma haka take da daɗi. Abin da nake cewa shi ne, ƙasa ba ta wadatuwa da wasan da ake kallo kaɗai. Tana bukatar wani wasan da tela da mai rake da malamin makaranta da tsohon soja za su shiga da jikinsu, su daɗe a ciki.

Akwai irin wannan wasa, kuma ya tsufa. Tsere ne da ake ba mai rauni rata. A ce an auna hanya mai kilomita 5. An riga an san cewa wani dattijo yana cinye ta a minti 35, wani magidanci a minti 28, wani saurayi ɗan ƙwallo a minti 20. Ranar tsere sai a saki dattijon da farko. Magidancin ya jira minti 7 kafin ya tashi. Saurayin ya tsaya yana kallo har minti 15 su cika, sannan a ce masa bismillah. Idan lissafi ya yi daidai, su ukun kusan tare za su iso. Wanda ya fara taka layi shi ya ci, kuma galibi shi ne wanda ya fi kansa na jiya, ba wanda ya fi kowa ƙafa ba. A gajeren tsere kuwa da taku ake ba da ratar: gwani ya tashi daga layin baya, na ƙasa da shi a matsar da shi gaba da mita kaɗan. Yaranmu ma sun san haka ba tare da wani ya koya musu ba. Babban wa yakan ce wa ƙanensa, "Je ka har bakin bishiyar can, na ba ka, sannan in taso."

Abin da ba a ganewa sai an tsaya a wurin shi ne yadda ƙarshen irin wannan tsere yake. A tseren da muka saba, bayan minti biyar an san wanda zai ci, jama'a suna watsewa tun na baya ba su iso ba. A nan kuwa filin a warwatse yake farawa, ya riƙa tsukewa. Dattijon da aka fara saki yana gudu shi kaɗai, ba ya jin komai sai numfashinsa. Can wajen kilomita na huɗu sai ya fara jin taku a bayansa. Ba ya waiwaya, don ya san waiwaye ɓata lokaci ne, amma ƙafarsa ta ƙara sauri da kanta. Shi kuma saurayin da ya taso a ƙarshe, tun da ya tashi bai huta ba, yana wuce mutane ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirga rigunan da suka rage a gabansa. Mita ɗari na ƙarshe sai ka ga mutum goma a dunƙule, furfura da ƙuruciya kafaɗa da kafaɗa, 'yan kallo kuma ba wanda ya san inda za ta faɗi. Kowa a cikinsu ya zubar da duk abin da ke jikinsa. Wannan shi ne abin da tseren layi ɗaya ba ya iya samu daga mutum na goma sha biyar.

Ba sabon tunani ba ne. A Edinbara ta ƙasar Sikotland an fara tseren sabuwar shekara a filin Powderhall tun 1870, kuma da rata ake yinsa. A Ostireliya akwai wani ƙaramin gari na masu haƙar zinariya, Stawell, da ya fara nasa a 1878. Mita 120 ne a kan ciyawa, ana yinsa lokacin hutun Ista, ana matsar da mai gudu gaba gwargwadon ƙarfinsa, har zuwa mita goma. Gari ne da ba don wannan tsere ba da wuya wani a waje ya ji sunansa. Kusan shekara ɗari aka yi ba a samu wanda ya tashi daga layin baya, ba tare da ratar ko taku ɗaya ba, ya ci. Wanda ya fara yin haka ɗan Afirka ne, Jean-Louis Ravelomanantsoa na Madagaska, a 1975, shekarar da mu muka fara takobi. Har yau ana ambatonsa a can, domin ya ba kowa rata kuma ya kamo kowa.

Wanda ya fi kama da abin da nake hange mana shi ne tseren Dipsea a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda aka fara a 1905. Kusan kilomita 12 ne, daga Mill Valley a haura dutse a gangara bakin teku a Stinson Beach, da matakala sama da 600 tun a farkon hanya. A can da shekaru da jinsi ake raba rata: yara ƙanana da tsofaffi su ake fara saki, samari majiya ƙarfi su ne na ƙarshe. A 2010 yarinya 'yar shekara 8, Reilly Johnson, ita ta ci. A 2012 tsoho ɗan shekara 72, Hans Schmid, ya ci. Wanda ya ci kuma ana rage masa rata a shekarun da ke biye, don kada ya mayar da abin gadonsa. Saboda haka ne ake samun mutanen da suka shiga tseren suna yara, suka yi shi suna magidanta, suna kuma yinsa da jikokinsu.

Na san abin da wani zai ce, domin ba ƙaramar magana ba ce: "Wannan ai zalunci ne. Yaro ya sha wahala ya yi atisaye, ya fi kowa gudu, sannan a ɗauki kyauta a ba wanda ya fi shi nauyin jiki?" Wannan ƙorafi yana da gaskiya a wuri ɗaya. Idan ana neman wanda zai wakilci Dosso a Yamai, ko Nijar a waje, to babu zancen rata, a jera su layi ɗaya agogo ya yi hukunci. Ba wanda ya ce a soke wannan. Amma tseren gari na ƙarshen wata ba zaɓen wakili ba ne. Kuma gwanin ba a tauye shi ba. Ana rubuta lokacin kowa na gaskiya, ana kiran sunan wanda ya fi kowa sauri a ranar, a ba shi tasa girmamawar daban. Abin da ya ƙaru gare shi ma ya fi abin da ya rasa. Saurayin da ya fi kowa gudu a ƙaramin gari babban ciwonsa rashin abokin karawa ne. Yana cin kowa da rabin ƙarfinsa, ya saba da haka, ranar da ya je Dosso ya haɗu da tsaransa sai ya ga ashe bai taɓa gudu ba. Idan aka sa mutum ashirin a gabansa aka ce ya kamo su, dole ya fitar da abin da yake ɓoye. Ratar da aka ba dattijo ita ce mai horar da saurayi.

Sai dai amfanin da ya fi girma ba a ganinsa a wata ɗaya ko biyu, sai an tara shekaru. Zuciyar wannan tsari littafi ne, littafin makaranta mai arha da ake rubuta suna da kwanan wata da lokaci. Mutum ya shigo yana ɗan shekara 25, ratarsa kaɗan ce, shi ke bin mutane. Ya yi aure, hidima ta yi yawa, jiki ya yi nauyi, lokacinsa ya ƙaru, sai a ƙara masa rata. Ya yi jinya ya tashi, a sake auna shi, ya koma cikin waɗanda ake fara saki, ba tare da jin kunya ba. Wata shekara ya dage, ya sauke minti biyu, a rage masa, kuma ragin nan shi ne yabonsa: duk wanda ya ji an ce "an rage wa wane rata" ya san wane ya yi aiki. Ya kai 55, yaran da ya gani a goye su ne yanzu ke taso masa daga baya. A duk tsawon wannan tafiya babu ranar da tsere ya ce masa ya tsufa, ya koma gefe. Kowane wata yana da damar ci kamar kowa. Ban san wata hanya da ta fi wannan riƙe mutum a kan motsa jiki ba, kuma hawan jini da ciwon suga da ke kwantar da magidanta a garuruwanmu ba sa jin wa'azin rana ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Faɗar wannan ba wuya. Abin da zai tashe mutum daga tabarma ya yi shi, mako bayan mako, shekara bayan shekara, shi ne wuyar, kuma sanin cewa ƙarshen wata akwai tsere, akwai kuma maƙwabcin da ya sha da ƙyar a watan jiya, yana tashinsa.

Yanzu ga inda abin ke lalacewa, kuma gara a faɗe shi tun ba a fara ba. Tunda rata daga lokacin da mutum ya yi a baya ake fitar da ita, mai wayo zai iya ɓoye ƙafarsa. Ya yi wata uku yana jan jiki da gangan, a ƙara masa rata, ranar da aka sa kyauta mai tsoka ya saki gudu ya bar kowa. Wannan cuta ta daɗe tana damun tseren Ostireliya da na Sikotland, har alƙalai suna cin tarar wanda gudunsa ya canza farat ɗaya ba tare da dalili ba. Kuma an san abin da ke ciyar da ita: kuɗi masu yawa da caca, domin waɗancan tsere da 'yan caca suka tashi tun asali. Mu wannan ɓangaren ba namu ba ne, addini ya hana, hankali ma ya hana. Mu ɗauki ratar mu bar musu cacar. Kyauta ta zama ƙarama, wadda ba ta kai a yi ƙarya dominta ba: sabulu, ɗaurin rake, riga, ko kofi guda da zai kwana wata ɗaya a gidan wanda ya ci sannan ya dawo. Na fi son a tara maki na shekara, wanda ya fi zuwa kuma ya fi dagewa shi a girmama a ƙarshe, domin mai ɓoye ƙafa wata ɗaya yake ci, ba ya cin shekara. Ranar da wani mai neman suna ya zo ya ce zai sa babur a matsayin kyauta, a gode masa, a roƙe shi ya sayi agogo da ruwan sha da takalma a maimako. Babur ɗaya ya isa ya kashe amanar da aka yi shekara biyar ana ginawa.

Daga nan sai maganar mai riƙe littafi. Shi ne alƙali, kuma a gari irin namu da kowa ɗan'uwan kowa ne, aikinsa ya fi na mai gudu wuya. Ɗan yayarsa zai zo ya ce, "Kawu, a duba ni, ƙafata ba ta warke ba." Abokinsa zai ce, "Haba Malam, minti ɗaya kawai." Maganin wannan shi ne kada a bar ratar a hannun ra'ayin mutum. A yi ƙa'ida a rubuce wadda ɗan aji shida zai iya lissafawa: a ɗauki mafi kyawun lokacin mutum a tserensa uku na baya, daga shi a fitar da rata. Sabon shiga ya yi gudun gwaji tukuna, ba ya cin kyauta a ranar farko. A liƙa takardar ratar kowa a bango kwana biyu kafin tsere, duk mai ƙorafi ya kawo a gaban jama'a. Mutum uku su riƙe littafin, ba ɗaya ba. Malaman wasanni na kwaleji sun san aikin agogo, tsofaffin sojoji da jandarmomi da suka yi ritaya sun san horo, kuma kowace unguwa tana da dattijon da ba a taɓa jin ya karkata ba.

Akwai masu ganin gudu bai dace da kamalar babba ba. Ina girmama wannan ji, domin daga kunya ya fito, amma ba shi da tushe a addini. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ta wuce shi a karon farko, bayan shekaru shi ya wuce ta. Ya kuma tabbata cewa ya shirya sukuwar dawaki a Madina, ya ba dawakin da aka horar doguwar hanya, waɗanda ba a horar ba ya ba su gajera. Ba irin ratar da muke magana ba ce daidai, amma tunanin ɗaya ne: a auna kowa da abin da zai iya. Maganar mata kuwa a bar ta hannun mata su tsara. Filin makaranta mai katanga, lokacin da suka zaɓa, malama mai riƙe agogo, sutura yadda suka ga ta dace da su, tafiya da sauri ga wadda ba ta son gudu. Tsarin rata ya fi kowane tsari dacewa da su, domin uwa mai 'ya'ya biyar da 'yar kwaleji za su iya shiga tsere ɗaya. Kada kuma a manta cewa wadda ta fi ɗaga sunan Nijar a fagen gudu a zamaninmu mace ce, Aminatou Seyni, wadda ta yi mita 400 a daƙiƙa 49.19 a 2019, ta kuma zo ta huɗu a mita 200 a gasar duniya ta 2022 a Amurka. Irinta nawa ne suke tallan rake a bakin kasuwa, ba wanda ya taɓa riƙe musu agogo? Ba don haƙo zakaru nake kiran a fara wannan tsere ba, amma inda ake rubuta lokacin yara kowane wata, mai baiwa ba ta ɓacewa.

Sauran abubuwan masu sauƙi ne. Ba a bukatar fili irin na Janar Seyni Kountché da ke Yamai. Wayar hannu tana da agogo, babur yana auna kilomita, toka tana zana layi. A zaɓi hanya a cikin gari ko dab da shi, wadda za a zagaya sau biyu ko uku, saboda halin tsaron da yankin ke ciki bai ba da damar nisa cikin daji ba, kuma a sanar da hukuma kafin a tara jama'a. A fara da sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kai amfanin gona gida. Da bazara a rage tsawon hanya a kuma gama kafin rana ta ɗaga. Da damina da watan azumi a huta, gona ma ta ishi kowa motsa jiki. Wanda ya haura 40, ko yake da ciwon zuciya ko hawan jini, ya fara biyawa ta asibiti a auna shi, ya fara da tafiya kafin sassarfa. A ajiye randar ruwa a inda ake tashi.

Abin da ya sa nake ganin lokacin yanzu ne, shi ne halin samarinmu. Tun bayan 26 ga Yulin 2023 da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, harkar da dubban matasan wannan yanki ke ci daga gare ta, dako da kabu-kabu da ƙananan saye da sayarwa, ta shiga wani hali. Zaman fada ya yi tsawo, shayi ya yi yawa, kuma kowa ya san ƙwayoyin da ke bin irin wannan zama. Tsere ba zai ba kowa aiki ba, ba na kuma son a ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Amma yana ba saurayi dalilin kwanciya da wuri da tashi da wuri, yana ba shi lamba a littafi da zai yi ƙoƙarin saukewa, yana kuma haɗa shi da sa'an mahaifinsa a wuri ɗaya, a kan abu ɗaya, inda dattijo zai riƙe hannunsa bayan an gama ya ce, "Yaro, saura kaɗan ka kama ni." Iyayenmu da suka yi zamanin samariya sun san abin da unguwa ke iya shiryawa da kanta ba tare da an aiko kuɗi daga Yamai ba.

Don haka ina kira ga malaman wasanni na Dioundiou, da shugabannin fada-fada, da masu riƙe da ma'aikatar magajin gari, da sarakunanmu: kada a jira wata ƙungiya ta zo da mota da riguna. A samu mutum goma sha biyar, a sayi littafi, a auna kilomita uku, a sa rana a farkon sanyin bana. Watan farko kowa ya yi gudun gwaji a rubuta lokacinsa. Wata na biyu a fara sakin wanda ya zo na ƙarshe. Idan abin ya zauna, a gayyaci Karakara da Zabori su zo da nasu littafin.